Argungu: Garin da Ke Tsare Gulbi Shekara Guda Saboda Sa'a Ɗaya

A gefen garin Argungu, cikin Jihar Kebbi, akwai wani yanki na gulbi da babu masuncin da ke da ikon jefa homa a cikinsa tsawon shekara. Sunansa Matan Fada. Kifi na shiga yana ƙiba yana hayayyafa, Sarkin Ruwa da mutanensa na sa ido. Sai rana ɗaya, a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da an gama kaka, ruwa ya ja baya, bazara kuma ba ta kai ga tsananta ba, dubban maza su yi sahu can nesa da gaɓa, kowa da ƙaton goransa da homarsa. A harba bindiga. Ƙura ta turnuƙe, ƙasa ta ɗauki rugugin ƙafafu, kafin mai kallo ya gyara tsayuwa ruwan ya ɓace, ba ya ganin komai sai kawuna da goruna da kwale-kwalen makaɗa suna ratsawa a tsakani.

Wajen sa'a ɗaya ake yi. Daga nan a fara jawo manyan kifaye zuwa gaban rumfar sarki ana ɗorawa a sikeli. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka kama kafin ya hau ma'auni. A 2020 an samu mai kilo 78, wanda ya kama shi kuwa ya tashi da motoci da kujerun Makka da kuɗi.

Wannan sa'a ita duniya ta sani game da Argungu. Ita ake bugawa a kalanda, ita gidajen talabijin ke haskawa. Amma ba daga sama ta faɗo ba. Ta samo tushe daga daular da ta haura shekara 500, da gabar da ta ci kusan ƙarni guda, da dokar ruwa wadda Kabawa suka gada tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido. Wanda ya je ya kalli su kawai ya juyo, ya baro mafi yawan garin bai gani ba.

Kabawa na ƙirga tarihinsu daga Muhammadu Kanta. A farkon ƙarni na 16 yana cikin waɗanda suka bi Askiya Muhammadu na Songhai zuwa yaƙin Agadas. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi na Timbuktu ya rubuta a ƙarni na 17, ya kawo labarin yadda aka saɓa a kan rabon ganima bayan an dawo, Kanta ya ɓalle wajen 1516, Askiya ya tura masa runduna, rundunar ta koma ba ta yi nasara ba. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai a yamma da Borno a gabas, kuma ta gwabza da kowacce.

Babban birnin Kanta shi ne Surame, kuma har gobe kufansa na nan da ganuwarsa ta duwatsu, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar Hausa inda aka saba da ganuwar laka. Tsofaffi na ba da labarin cewa Kanta ya kira duk ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su zo aikin ginin, Nufawa suka makara, sai ya ce su kwaɓa nasu ɓangaren da man kaɗe maimakon ruwa. Akwai kuma labarin jirginsa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya garuruwansa a ciki idan ruwa ya cika fadama. Maroƙa ba sa rasa ƙarin gishiri, amma ko da an tace gishirin, abu ɗaya na nan: ƙarfin Kabi a ruwa yake. Sauran sarakunan Hausa na taƙama da doki, Kanta ya haɗa doki da jirgi.

Wajen 1700 sarauta ta koma Birnin Kebbi. A 1805 mayaƙan jihadi, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo, suka ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita yana yaƙin sunƙuru har aka kashe shi. Sama'ila Karari ya ci gaba da turjiya daga Argungu, shi ma ya faɗi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame ya zauna a hannun Sakkwato shekara da shekaru. Ana ganin an gama da Kabi ke nan. Sai a 1849 Nabame ya sulale ya koma gida ya ta da tuta, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Tun daga ranar Argungu ta zama ƙaramar daula mai taurin kai a tsakanin Sakkwato da Gwandu, fadama na tsare ta da damina, ganuwa da baka na tsare ta da rani. An ɗan samu numfashi a zamanin Sarki Abdullahi Toga, sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda ya ɗauki wasu shekaru kafin ya warware a 1875. Sai wani Sama'ilan, wanda ya hau a 1883 ya kai har 1915, mayaƙin da ya kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wato Ɗanyen Kasko, daga ƙofar Argungu a farkon shekarun 1890. Da Turawan Ingila suka iso a 1902, Sama'ila bai yaƙe su ba, ya karɓe su. Ladan da ya samu bai taka kara ya karya ba, domin da aka zo shata iyaka da Faransa, wani babban yanki na ƙasashen da ke tare da Kabi ya faɗa cikin abin da ya zama Nijar.

Duk wannan tarihi yana ajiye a gida ɗaya a tsakiyar gari, Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fada ce ta ƙarni na 19, sarakuna suka zauna a ciki har 1942 lokacin da aka koma sabuwa, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yuli, 1958, tun Najeriya ba ta samu 'yancin kai ba. An kasa shi sassa 11. Akwai masu da takubba da bakuna da kwari, da bindigogin toka, da layu da rigunan yaƙi, da tambura, da kayan su irin na da. Ana kuma binne sarakunan Kabi a harabarsa, saboda haka ba wurin kallo ba ne kawai, wurin ziyara ne, mutanen gari na shiga da ladabi. Baƙon da ya saba da gidajen tarihi masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki zai ga nan ba haka abin yake ba. Amma da wuya a samu wani ƙaramin gari a Arewa da ya fara tunanin adana kayan kakanninsa da wuri haka, kuma a cikin ainihin ɗakunan da aka yi mulki da su.

Bikin da ake yi yanzu daga 1934 aka soma ƙirga shi. A shekarar ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Ga wanda ya san abin da ya gudana tun 1805, wannan ba ƙaramar rana ba ce: jikan masu jihadi ya sauka lafiya a garin da kakanninsa suka sha kewayewa da yaƙi. Masu masauki suka ga babu abin da ya dace su nuna wa baƙo irin wannan sai abin da suka fi kowa iyawa. Aka tara masunta, aka faɗa ruwa. Kallo ya yi kyau, aka ci gaba da maimaitawa.

Sai dai Muhammadu Sama bai ƙirƙiro komai daga babu ba. Tun kafin 1934 Kabawa na da bukukuwansu na shekara: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari, shan kabewa. Gyaran ruwa shi ne shirya gulbi kafin a shiga, a nemi tsari daga kada da sauran abin da ke cikinsa, na gani da na ɓoye. Fashin ruwa shi ne ɗage takunkumi, ranar da ake ba kowa izinin su. A da akwai yanka da bori a cikin waɗannan al'adu. Ilimin addini da wa'azin malamai sun rage su ƙwarai, addu'a ta maye gurbin da yawa daga ciki, amma ƙashin bayan abin bai karye ba: akwai lokacin da ruwa ke rufe, akwai mai ikon buɗe shi, kuma wanda ya saci shiga ya yi laifi ga gari duka. Masana kiwon kifi na zamani na rubuta littattafai a kan amfanin hana su a lokacin da kifi ke ƙwai da girma. Sarkawan Kabi sun daɗe da mayar da wannan doka, suka kuma naɗa mata sarauta.

Sarautun biyu ne a gaba. Sarkin Ruwa shi ke kula da gulbin kansa, tsabtarsa da lafiyarsa, shi ke fara shiga kafin kowa, kuma Kabawa sun yarda cewa da izinin Allah kada ba ya taɓa mutum a ranar da ya gyara ruwa. Mai sarautar Homa kuwa shi ne shugaban masunta. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya buga dogon bayani a kan masuntan Kabi a 1942, kuma abin sha'awa ne yadda kayan aikin da aka sani a wancan zamani su ne dai ake gani a hannun matasa yau.

Kayan ba su da yawa, amma kowanne sana'a ce. Goran su ba irin na fura ba ne. Ƙaton duma ne da ake nomawa, a bar shi ya ƙosa ya bushe, a yanke masa baki a sama, a kwashe cikinsa. Masunci na kifa ƙirjinsa a kai ya yi iyo da ƙafa, hannayensa biyu na aiki, idan ya kama ƙaramin kifi ya jefa a ciki. Jirgi ne, ma'aji ne, kuma abin ceton rai ne idan an gaji a tsakiyar ruwa. Homa kuwa raga ce da aka ɗaura a jikin lanƙwasasshen itace, ana riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, a buɗe su a ƙarƙashin ruwa a haɗe su a kan kifi. Ba a yarda da ƙugiya ko ragar zamani ko inji a gasar ba. Wanda ya yi gamo da giwan ruwa, dole ya nutsa ya rungume shi, ya zura masa igiya ta baki ta fito ta kunne, sannan a jawo. Kifin da ya kai nauyin babban mutum, a cikin gidansa, ga laka ga duhu ga ƙafafun dubban mutane, ba a kama shi da ƙarfi kaɗai. Akwai sanin inda yake laɓewa, akwai iya riƙe numfashi, kuma kowane gidan sarkanci na da asirinsa da ba ya faɗa.

Giwan ruwa ke cin kyauta, amma gulbin ba shi kaɗai ke ciki ba. Akwai tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu, da yauni da ragon ruwa, da tsage mai haƙora. Mafi yawan waɗanda suka faɗa ruwa sun san ba za su ci mota ba. Abin da ke cikin gora suke nema, na miya da na kasuwa, kuma matan gari na jiran sa da wuta da tukunyar suya.

Ga mai son gwaninta tsantsa, ranar kabanci ta fi ranar babban su daɗin kallo. Kabanci shi ne wasannin ruwa da ake yi kafin ranar ƙarshe: kamun kifi da hannu ba raga, tseren kwale-kwale, tseren gora, nutso a ga wanda zai fi daɗewa, iyo da tulu a ka, da kamun agwagwar ruwa, inda ake sakin ta matasa su bi ta, tana nutsewa suna nutsewa, 'yan kallo na shewa. A nan ake gane yaron da ya tashi a bakin gulbi. Babu makarantar da ke koyar da wannan, daga uba ne zuwa ɗa, daga wa zuwa ƙane.

Da dare fili ya koma na 'yan dambe da 'yan kokawa. Yankin Argungu, musamman ƙasar Arewa da Dandi, gidan kokawa ne, kuma iyaka ba ta raba su da 'yan'uwansu na Doso da Dogon Dutsi ba. A Nijar kokawa ta zama wasan ƙasa tun da aka fara gasar takobi a 1975, kuma jihar Doso, maƙwabciyar Kebbi, ita ta fitar da Isaka Isaka wanda ya ɗauki takobin sau da yawa. Saboda haka idan 'yan kokawa suka tsallako zuwa Argungu, ba baƙi ba ne, taron dangi ne. Dambe kuma da kalangunsa da kirarinsa, sana'ar da Ɗan'anace ya ɗaukaka da waƙoƙinsa na Shago har ta kai kunnen wanda bai taɓa shiga fage ba.

Fada ma na da nata kiɗan, tambari da kakaki da algaita, kuma ta yi renon manyan mawaƙa. Aliyu Ɗandawo ya yi zama a fadar Argungu kafin ya koma Yawuri, inda ɗansa Sani ya gaje shi ya yi suna. Mata ba sa shiga gasar ruwa, amma su ke da waƙa da guɗa da rawa a bakin gaɓa, su ke da kasuwar abinci, kuma a wurinsu yaro ke fara jin sunayen kakanninsa na sarkanci. Idan Bakatsine ya zo kallo, to ya shirya shan ba'a, domin Kabawa da Katsinawa taubasai ne, kuma Bakabe ba ya barin bashin tsokana ya kwana.

Shekarar 1970 ta sauya wa bikin fuska. An gama yaƙin basasa a watan Janairu, gwamnati na neman abin da zai nuna ƙasa ta dawo hayyacinta. Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, gwamnatin Jihar Arewa maso Yamma ta shigo da ƙarfinta. A shekarun da suka biyo baya aka ƙara baje kolin amfanin gona, da tseren motoci, aka gina masaukin baƙi da rumfunan kallo, jakadu da 'yan jarida na ƙasashen waje suka fara zuwa. Sarki Muhammadu Mera, wanda ya yi mulki daga 1959 zuwa 1996, shi ya ga wannan bunƙasa daga farkonta. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, bikin ya zama babban abin da jihar ke nuna wa duniya. A ƙarshen 2016, a taron da aka yi a Adis Ababa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, a zamanin Sarki Sama'ila Muhammadu Mera.

Abin mamaki, a lokacin da aka ba da wannan shaida, an shekara bakwai ba a yi bikin ba. Daga 2009 ba a sake taruwa a Matan Fada ba sai a Maris na 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo, kwanaki kaɗan kafin annobar korona ta rufe ƙasa. Bayan nan ma aka sake yin shekaru shiru.

Dalilan da aka fi ambata biyu ne, tsaro da ruwa, kuma dukansu gaskiya ne. Shekarun Boko Haram sun sa kowace gwamnati tsoron tara dubban mutane wuri ɗaya. Daga baya matsalar ta matso kusa: a Nuwamba 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu kanta, aka rasa rayuka. Batun ruwa kuwa ya girmi wannan. Gulbin da ke wucewa ta Argungu haɗakar Gulbin Sakkwato ne da na Rima, kuma an datse su duka biyu daga sama: madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, da ta Goronyo a 1984. Kifin wannan yanki a fadama yake ƙwai, lokacin da ambaliyar damina ta bazu cikin ciyawa. Idan an tare ruwan a sama, ambaliya ta ragu, wurin ƙwai ya ragu, yashi ya cike gurbi masu zurfi inda giwan ruwa ke buƙatar ya shekara yana girma. A 2006 an yi biki amma an hana shiga su, saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai.

Akwai dalili na uku da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Bikin da gwamnati ta ɗauka ta girmama, ya zama ba ya iya tashi sai da kasafinta. Fashin ruwa na kakanni ba ya buƙatar kwamiti ko kwangilar fenti ko jiran ranar da shugaban ƙasa ke da sarari. Na yanzu yana buƙatar duka. Idan gwamna na da sha'awa da kuɗi, a yi, idan babu, a ɗage. Mai saƙa homa da mai noman duma da makaɗin da ke jiran wannan mako, babu mai tambayar su.

A nan Hausawan da ke zaune a Kudu maso Gabas na da abin faɗa, domin sun ga wani salo da idonsu. Ruwan da ya wuce Argungu yana bi ta Birnin Kebbi ya faɗa Kogin Kwara, ya ratsa Yawuri da Jebba da Lakwaja, ya bi ta ƙarƙashin gadar Anacha kafin ya watsu cikin rafukan da ke kaiwa teku. Sarkawa sun daɗe da sanin wannan hanya. Masanin nan Bafaranshe, Jean Rouch, ya rubuta a 1950 yadda masuntan da suka fito daga ƙasar Kabi ke bin Kwara da jiragensu zango zango, suna su suna banda kifi suna sayarwa, wasu su dawo gida, wasu su zauna. Yau tirela ta karɓi aikin jirgi, amma cinikin bai tsaya ba. Bandar kifi daga Arewa, da albasar Aliero, da shanu, suna sauka a kasuwannin Anacha da Garikin Enugu da Fatakwal, kuma a unguwannin Hausawa na waɗannan birane ba a rasa mai tsagen Kabawa a kumatu, ko mai harshen da ana ji an san daga yammacin ƙasar Hausa ya fito.

Wanda ke zaune a Anacha ya san Ofala, bikin da Obi, sarkin garin, ke fitowa ga jama'arsa a cikin Oktoba. Igwe Alfred Achebe, wanda ya hau sarauta a 2002, ya riƙe bikin a hannun fada, ya jawo kamfanin Globacom ya ɗauki nauyi, aka kuma haɗa masa baje kolin zane-zane da sassaƙa mai suna Oreze, inda masu fasaha na gida da na waje ke kawo aikinsu. Sakamakon haka, ɗan kasuwa da mai otal da ɗan gari da ke Amurka duk sun san watan da za a yi, suna shiri tun da wuri. Ba a ce Anacha da Argungu ɗaya ba ne. Anacha birnin kuɗi ne, kuma Ofala ba ya jiran a sako ruwa daga Goronyo. Amma baƙo na zuwa ne inda ya tabbata ba za a ɗage ba, kuma wannan tabbaci shi Argungu ta rasa tun 2009. Jihar Anambra ma na da nata a jerin UNESCO, dodon Ijele, wanda ya shiga a 2009, kamar yadda hawan sallar Kano ya shiga a 2024. Shiga jerin suna ne da martaba, ba ya zuwa da kuɗin gudanarwa.

Kuma Argungu ba ita kaɗai ke da irin wannan biki ba, ko da yake ta fi kowa suna. Akwai na Nwonyo a Ibi ta Jihar Taraba, da na Bade a Jihar Yobe. A Mali akwai Sanke Mon na garin San, wanda UNESCO ta sa tun 2009 cikin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa, kuma cikin dalilan har da ƙarancin ruwan tafkin. Ciwon ɗaya ne daga Mali har Taraba.

A sauran watannin shekara, abin da ke motsa Argungu yanzu shinkafa ce. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi, a 2017 kuma kamfanin WACOT ya buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa a garin. Fadamar da ta tsare Kabawa daga dawakin Gwandu ta cika da injinan ban ruwa, ana noma rani da damina, buhunan kuma na tafiya har kasuwannin Kudu. Alheri ne babba, babu mai musu. Sai dai matashin da ya ga abin da kadada ɗaya ke bayarwa ba lallai ya zauna koyon saƙar homa ba, kuma injin da ke zuƙo ruwa zuwa gona daga gulbi ɗaya yake sha da kifi. Garin na da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ga jami'o'i a Sakkwato da Birnin Kebbi da Aliero, kuma malamai irin su Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza sun yi rubutu mai yawa a kan al'adun wannan yanki. Abin da ya rage shi ne ilimin ya fito daga kundin digiri ya koma hannun mai yi wa baƙo jagora.

Domin abin nunawa bai ƙare a Matan Fada ba. Filin jirgin saman jihar yana Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Daga Argungu zuwa Sakkwato wajen kilomita 100 ne. A cikin wannan ɗan kewaye akwai Gidan Tarihi na Kanta, da hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, da hubbaren Shehu a Sakkwato, da kufan Surame, wato ɓangarori biyu na tarihi guda, kowanne da nasa bakin. A kudancin jihar kuma ga bukukuwan Rigata ta Yawuri da Uhola ta Zuru. Surame ita ta fi buƙatar kulawa. An ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, aka sa ta a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Da aka raba jiha a 1991 kuwa, birnin Kanta ya faɗa cikin Jihar Sakkwato, magadansa na Jihar Kebbi, don haka duk wani gyara na hanya ko tsaro ko haƙa na masana sai gwamnatoci biyu da hukumar gidajen tarihi ta tarayya sun zauna a tabarma ɗaya.